Abin Da Kwamfuta Ke Nufi In Ta Ce "An Gama"

An shirya wannan bayani ne domin akawuna da malaman baitulmali da masu rubuta albashi a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, da kuma duk wanda ya ke jiran haƙƙinsa daga hannunsu, ko malamin makaranta ne, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan fansho, ko ɗan kwangila.

A zamanin En'e, in wata ya ƙare, Ma'aji ko wakilinsa ya kan zo da akwatin kuɗi da takardar biya, ya zauna a tebur, a kira suna, mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya ƙirga kuɗinsa ya tafi. In an yi kuskure nan take a ke ganinsa, domin mai biya da wanda a ke biya suna kallon juna. Yau al'amarin ya sake. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin IPPIS na biyan albashi. Daga Janairu 2009 ta umarci ma'aikatunta su daina biya da cek ko tsabar kuɗi, sai ta banki. A 2012 a ka soma aiki da GIFMIS wajen kula da kuɗin Gwamnati, a 2015 kuma a ka tilasta asusun bai ɗaya. Jihohi da manyan kamfanoni su ma kowa ya bi wannan hanya gwargwadon ƙarfinsa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, abin da ya nuna nauyin da ke kan malamin baitulmali na ƙaramar hukuma ba raguwa zai yi ba.

Wannan sauyi ya kawo alheri mai yawa, amma ya zo da wata sabuwar magana wadda jama'a su ka gaji da ji, watau "na'ura ce". Mutum ya taso daga Achida ko Gandi ko Shinaka, ya kashe kuɗin mota, ya bar gonarsa, ya zo tambayar albashinsa, a ce masa na'ura ce, ya koma gida bai san ko gobe ba ne ko wata mai zuwa. Alhali kuwa sau da yawa na'urar ta riga ta faɗi abin da ya faru da inda a ka tsaya, ba a dai karanta ba ne.

Mene Ne Aikin Bayan Fage?

Aikin kwamfuta a ofis iri biyu ne. Akwai na gaban ido, kamar akawu ya rubuta lambar ma'aikaci, nan da nan sunansa da matakin albashinsa su fito. Akwai kuma aiki mai nauyi, kamar lissafin albashin ma'aikata duka, ko rufe littafin wata, ko shirya fayil na biya da za a aika banki. Irin wannan ba a yinsa a kwamfutar da ke kan tebur. Akawu umarni kawai ya ke bayarwa, aikin kuwa ana yinsa a wata babbar na'ura wadda ta yiwu tana Sakkwato, ko Abuja, ko Legas, ko ma wata ƙasa. Shi ne a ke kira aikin bayan fage.

Ya kamata a riƙe wannan sosai, domin daga nan kuskure da yawa ke tasowa. In an ɗauke wuta a ofis, ko man janareto ya ƙare, ko intanet ya yanke, aikin da a ka riga a ka miƙa bai tsaya ba, yana can yana tafiya. Akawun da ya dawo bayan an kawo wuta ya sake danna maɓalli, yana tsammani na farko ya ɓace, to aiki biyu ke nan ya aika.

Manhajojin da a ke irin wannan aiki da su suna da yawa. A nan za a yi misali da ta kamfanin SAP, wanda mutum biyar da su ka bar IBM su ka kafa a Jamus a 1972, domin manyan kamfanoni da hukumomi a ƙasashe da dama suna aiki da ita, kuma kalmominta a tsare su ke. Wanda ofishinsa ke da wata manhaja dabam zai ga sunayen sun ɗan bambanta, amma matakan kusan ɗaya ne. A cikin SAP, a shafin SM36 a ke tsara aiki, a shafin SM37 a ke duba halin da ya ke ciki. Da Turanci kalmomin ke fitowa, saboda haka za a ambace su kamar yadda su ke, a bi su da ma'anarsu.

Kafin a shiga cikinsu akwai wani ɗan abu da ke ruɗa sabon akawu. In an buɗe SM37, ayyukan wanda ya buɗe kaɗai ta ke nunawa, kuma na ranar kaɗai. Aikin da wani ya tsara, ko wanda a ka yi jiya, ba zai fito ba sai an sa alamar tauraro a gurbin suna, an kuma gyara kwanan wata. Akawuna da yawa sun ce aiki ya ɓace, alhali ba su neme shi a inda ya ke ba.

Matakai Shida

Hanya mafi sauƙi ta gane matakan ita ce a tuna da yadda a ke kai niƙa wurin mai inji.

Na farko Scheduled, watau an tsara. Uwargida ta auna dawa ta zuba a ƙwarya, amma ba ta ce wa kowa ya ɗauka ba. Aikin an rubuta shi, amma ba a ba shi izinin tashi ba, ko don ba a sa masa lokaci ba, ko don wanda ya tsara shi ba shi da ikon sakinsa. Wannan kalma tana yaudara ƙwarai, domin mai ganinta ya kan ɗauka kome ya daidaita. Aikin da ke wannan mataki ko ya shekara ba zai motsa da kansa ba, sai mai iko ya sake shi.

Na biyu Released, watau an saki. An ce wa yarinya ta kai niƙan bayan azahar. Aikin yana jiran sharaɗinsa, ko lokaci, ko ƙarewar wani aiki da ke gabansa. A bisa yadda a ka saba saita manhajar, kowane daƙiƙa 60 ta kan leƙa ta ga ayyukan da lokacinsu ya yi, saboda haka jinkirin minti ɗaya ba abin damuwa ba ne. In lokaci ya wuce da nisa bai tashi ba, a duba abu uku. Ko an yi kuskuren kwanan wata. Ko agogon babbar na'ura ba ɗaya ba ne da na ofis, domin Nijeriya tana gaban agogon GMT da awa ɗaya, kuma wasu na'urori da GMT su ke aiki. Ko kuwa an ɗaura shi a bayan wani aiki da sharaɗin sai wancan ya ƙare lafiya, wancan kuwa ya lalace. In haka ne, ciwon ba a jikinsa ya ke ba, sai a koma kan na gaba.

Na uku Ready, watau a shirye. Ƙwarya ta isa wurin inji tana layi. Babbar na'ura tana da iyakar ayyukan bayan fage da za ta iya riƙewa a lokaci guda, in guraben sun cika sai jira. Ayyuka kuma aji uku ne, A da B da C, na A shi ke gaba, mafi yawa kuwa na C ne. Ƙarshen wata layi ya kan yi tsawo, domin kowa a ranar ya ke kawo niƙansa. Maganin wannan shi ne a riƙa tsara manyan rahotanni da dare, a bar wa albashi hanya. Sake aika aikin ba ya rage layi, ƙara shi ya ke yi.

Na huɗu Active, watau yana gudana. Dawa tana cikin inji. Abin tambaya a nan shi ne tsawon lokaci, kuma ba a sanin ya yi tsawo sai an gwada shi da na watan jiya. Aikin da ya saba cin minti 20, in ya kai awa uku, lalle akwai dalili. Wani lokaci wani akawu ne ya buɗe takardar wani ma'aikaci yana gyara, ya tafi salla ya bar ta a buɗe, manhaja ta kulle ta, aikin yana jira. Wani lokaci kuma babbar na'ura ce ta mutu ta tashi, aikin ya mutu tare da ita, amma sunansa ya saura a rubuce kamar yana gudana. Akwai umarni a SM37 na binciken hakikanin halin aiki, shi ke warware wannan, amma aikin masu kula da na'ura ne. Kada akawu ya kashe aikin biya yana tsakiyar tafiya bisa ra'ayin kansa.

Sauran biyu, watau Canceled da Finished, su ne ƙarshen tafiya, kuma su ne su ka fi bukatar bayani.

In Aiki Ya Katse

Canceled ma'anarsa aiki ya katse bai kai ƙarshe ba. Inji ya tsaya, rabin dawa ta zama gari, rabi tana nan tsaba.

Kowane aiki yana da littafinsa, inda manhaja ke rubuta abin da ta yi layi layi, da lokacin kowane layi. Wajibi ne a buɗe wannan littafi kafin a taɓa kome, a fara karantawa daga ƙasa, domin layukan ƙarshe su ke ɗauke da dalili. Kowane saƙo yana da lamba, kuma a kan bambanta mai tsanani da na gargaɗi da na sanarwa kawai. In littafin ya nuna manhajar ce da kanta ta faɗi, cikakken bayani yana shafin ST22, wanda masana ke karantawa.

Dalilan da a ka fi gani ba su da yawa. Fayil da aikin ke nema ba a ajiye shi inda ya kamata ba. Wuri ya ƙare a babbar na'ura. An canja wani abu a tsarin albashi ba a gwada shi ba. Akwai kuma wani dalili da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya shafi ofisoshin Gwamnati musamman, inda canjin wurin aiki ba ya ƙarewa. Kowane aikin bayan fage da sunan wani ma'aikaci ya ke tafiya, da ikon da a ka ba wannan suna. In an yi wa malamin da ya tsara aikin canji, ko ya yi ritaya, a ka rufe sunansa na shiga, to aikin da ya shekara biyu yana tafiya lafiya kowane wata zai katse ran nan, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Sai a yi ta zargin na'ura, alhali takardar barin aiki ce ba ta cika ba.

To, ga babban haɗari. Katsewar aiki ba ta nufin abin da ya riga ya yi ya goge. Manhajoji da yawa kashi kashi su ke ajiye aiki. A ce, ga misali, ma'aikata 600 ne, aikin ya katse bayan ya shigar da 350. Akawun da ya sake tayar da shi daga farko bai bincika ba, mai yiwuwa ne a shigar da 350 ɗin nan sau biyu. Wasu manhajoji suna da kariya daga wannan, wasu ba su da ita, kuma ba daidai ba ne a gwada sa'a da dukiyar jama'a. Kuɗin da ya fita sau biyu dawo da shi wuya gare shi. Wanda ya ga ƙari a asusunsa ya riga ya sayi taki ko ya biya bashi, wata mai zuwa a yanke masa, ya shiga wahala, akawu kuma ya sha tambaya wurin masu binciken kuɗi. Gaggawa aikin Shaiɗan. Abin da ya kamata shi ne a tabbatar da iyakar inda aikin ya kai, a sami izinin shugaban sashe a rubuce, sa'an nan a tayar da shi ga waɗanda su ka saura kaɗai.

In Ta Ce An Gama

Finished ita ce kalmar da kowa ke so ya gani, kuma ita ce ta fi kowace cutar da marar lura. Ma'anarta ɗaya ce tak, aikin ya bi matakansa har ƙarshe bai faɗi ba. Ba ta ce abin da a ka yi daidai ne ba, ba ta ce an biya kowa ba. Mai inji ya ce an gama niƙa, amma bai ce ƙwaryar da a ka kawo ita ce ta gidan ba, bai kuma ce gari bai zube a hanya ba.

Kowane aiki yana da ɗan jadawalin zaɓi da a ke cika masa, wane wata, wane sashe, wane asusu. In an manta an bar watan jiya a ciki, aikin zai tafi ya dawo ya ce an gama, alhali ko dai bai sami kome ba, ko ya maimaita tsohon lissafi. In littafin watan da a ke so a shigar da kuɗi a cikinsa a rufe ya ke, wasu ayyuka su kan ƙi shigar da ko ɗaya, su rubuta haka a takardar sakamako, duk da haka su ce an gama. Alama mai kyau ita ce lokaci. Aikin da ya saba cin minti 20, in ya ƙare cikin daƙiƙa biyar, ba sauri ya yi ba, bai yi kome ba ne.

Saboda haka bayan an ga Finished akwai sauran aiki. A buɗe littafin aikin, a buɗe takardar sakamako, wadda a ke samu daga SM37 ko shafin SP01, a nemi lambobi uku, nawa a ka karanta, nawa a ka shigar, nawa a ka ƙi. Na biyu da na uku in an haɗa su tilas su ba da na farko. Sa'an nan a gwada jimlar kuɗi da ta takardar biya da a ka sa wa hannu. Wannan shi ne ƙirgan da Ma'aji ke yi a tebur a da, wuri kawai ya sake. A kuma lura, takardar sakamako ba ta dawwama. A bisa saitin asali kwana 8 a ke ajiye ta, bayan haka ana iya share ta, don haka mai hankali ya kan buga ta ko ya adana ta ranar da ta fito.

Daga Na'ura Zuwa Aljihu

Ko da lissafi ya fita daidai, tafiya ba ta ƙare ba. Manoman rani na kwarin Rima sun san cewa in an ce an buɗe ƙofar madatsar ruwa ta Goronyo, wannan ba ya nufin ruwa ya shiga fadamar Wurno. Sai ya bi gulbi, ya bi magudana, kuma in wata ƙaramar hanya ta toshe, gona ɗaya za ta bushe ta maƙwabci tana shan ruwa. Kuɗi ma haka ne. Fayil na biya zai shiga hanyar biya, irin su Remita, masu sa hannu su amince ɗaya bayan ɗaya, a cire kuɗi daga asusun hukuma, su bi ta NIBSS, wanda ke haɗa bankunan ƙasar nan, sa'an nan bankin ma'aikaci ya zuba masa. Kowane zango yana da nasa saƙon, ko yana jira, ko ya shiga, ko an ƙi, ko an mayar. Sau da yawa abin da a ke kira matsalar na'ura mutum ɗaya ne bai sa hannu ba tukuna.

In kowa ya samu sai mutum biyu ko uku, to ba aikin bayan fage ba ne, a dubi asusunsu. Lambar asusu ta NUBAN lamba 10 ce, ta ƙarshe kuma ta tantance sauran ce, saboda haka kuskuren lamba ɗaya ya kan sa a ƙi biya. Wani abu da ya sha faruwa shi ne lambar da ta fara da sifiri, in an rubuta ta a Excel ba a saita gurbin ba, sifirin ya kan faɗi, ta koma lamba 9. Akwai asusun da sunansa bai dace da na takardar albashi ba, akwai wanda ba a haɗa shi da BVN ba, lambar nan mai 11 da a ka fito da ita a 2014, akwai kuma ƙaramin asusu wanda a ka iyakance kuɗin da zai iya ɗauka. Rashin saƙon waya kuma ba hujja ba ce, musamman a ƙauyukan da sabis ke wuya. Kafin mutum ya hau mota ya kamata ya duba asusunsa ta wayarsa ko wurin mai POS.

Yadda A Ke Kai Ƙara

Masu kula da babbar na'ura suna nesa, ba su ga abin da akawu ya gani ba. Saƙon da ya ce "albashi ya ƙi tafiya" ba ya taimakon kowa, sai a kwana biyu ana tambaya da amsa. A rubuta sunan aikin, da sunan da ya ke tafiya da shi, da rana da lokacin da ya tashi, da kalmar da ya tsaya a kanta, da lambar saƙon ƙarshe da lafazinsa kamar yadda ya ke, da abin da a ka canja tun watan jiya. In za a ɗauki hoto da waya, a rufe sunayen mutane da lambobin asusunsu. Kalmar sirri kuwa ba a ba kowa, ko da ya ce daga hedkwata ya ke.

Wanda ya zo tambaya shi ma yana da haƙƙin amsa mai ma'ana. In dattijo ɗan fansho ya zo, ya fi kyau a ce masa, "Baba, lissafinku ya fita tun jiya, yana jiran sa hannun mutum ɗaya, ba sai kun sake zuwa ba, ku bar lambar waya." Ko kuwa, "Baba, an aika kuɗinku banki ya mayar, sunan da ke asusun bai dace da na takardarku ba, ku zo da katin shaida da takardar banki a gyara." Da irin wannan amsa mutum ya san ko jira zai yi ko akwai abin da zai kawo.

Yana da kyau kowane ofis ya ajiye littafi guda na takarda, a riƙa rubuta kowane aikin bayan fage, da ranar da ya tashi, da minti nawa ya ci, da lambobin nan uku, da wanda ya duba. Daga wannan littafi a ke sanin abin da aiki ya saba ci. In kuma za a yi wa malami canji, a sa a takardar barin aikinsa jerin duk ayyukan da ke tafiya da sunansa, a mayar da su kan sunan wanda ya gaje shi, ko sunan da hukuma ta keɓe domin haka, kafin a rufe nasa.